Akwai allurar da ke farfaɗo da wanda ya yi dogon suma?

Tambaya: Ni malamin jinya ne, ban daɗe da fara aiki a sashen reya, inda ake kula da masu matsanancin ciwo, ba a nan Damagaram. Kullum ƴan uwan marasa lafiya suna tare ni a bakin ƙofa, suna cewa a rubuta musu allurar farfaɗowa, ko nawa ce za su saya. Kuma ina yawan ganin ordonans, wato takardar magani, mai ɗauke da pirasetam da sitikolin. Wane magani ne da gaske yake dawo da hankalin wanda ya suma, yaushe ake ba da shi, kuma nawa?

Amsa: Ƙanena, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Babu wata allura guda da ake yi wa duk mai dogon suma ya buɗe ido. Suma alama ce, kuma abin da ke tayar da mutum shi ne maganin abin da ya sumar da shi. Magani ɗaya tak ke da hujja mai ƙarfi wajen gaggauta dawowar hankali ita kanta, wato amantadin, shi ma ga rukuni ɗaya na marasa lafiya, kuma lokacinsa sai bayan sati 4. Duk adadin da zan ambata na babban mutum ne sai inda na ce yaro, kuma likitan da ke riƙe da mara lafiyar shi ke yanke hukunci bayan ya duba nauyi da ƙoda da hanta.

Kafin ka fasa ampul ko ɗaya, duba numfashi, sa iskar oksijan, auna tansiyo, sannan ka ɗauki makin Glasgow, ma'aunin zurfin suma, daga 3 zuwa 15. Ka rubuta shi kashi-kashi, ido 4, magana 5, motsi 6, domin jimla ita kaɗai tana ɓoye canji. Wanda ke kan 8 ko ƙasa ba ya iya kare maƙoshinsa daga amai da miyau. Ga ƙananan yara ana aiki da makin Blantyre, daga 0 zuwa 5.

Gwajin farko shi ne sukari a ɗan yatsa, kuma bai kamata ya wuce minti biyu da shigowa ba. Idan yana ƙasa da 0.7 g/L a wanda ya suma, a ba shi gram 15 zuwa 25 ta jijiya, wato kusan ml 50 zuwa 80 na G30, ruwan sukari mai kashi 30, a jijiya babba, don yana ƙona ƙanana. Yaro G10 ake ba shi, ml 5 a kowane kilo. In babu na'urar gwaji, a ba da shi haka nan, illar jinkiri ta fi illar bayarwa. A sake aunawa bayan minti 15 zuwa 30. Inda aka fi yin asara shi ne dattijo mai shan glibenklamid, musamman cikin azumi ko in ƙoda ta raunana: ya farfaɗo, kowa ya yi hamdala, a cire serom, cikin dare sukarin ya sake faɗuwa. Irin wannan sai a bar shi kan G10 ana aunawa har kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda yunwa ta ci jikinsa, da mashayi, da mai cikin da ta yi makonni tana amai, a haɗa musu da tiyamin, wato bitamin B1, mg 100 ta jijiya. Idan ana zargin rashinsa ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa, ana kaiwa mg 200 zuwa 500 sau 3 a rana. Amma kada a riƙe sukari ana jiran a sayo tiyamin.

Saurayin da aka kawo numfashinsa bai kai 10 a minti ba, ƙwayar idonsa ta tsuke, ka tuna da tramol da sirop mai kodin. Nalokson, maganin da ke warware aikinsu, ampul ɗaya mg 0.4 ne. Sirka shi da ruwan gishiri ya cika ml 10, ka riƙa tura ml 1 zuwa 2 duk minti 2 har numfashi ya haura 12. Numfashin ake nema, ba sai ya zabura yana faɗa ba. In ya daina numfashi gaba ɗaya, a busa masa da ambu, balan-balan ɗin taimakon numfashi, a tura ampul ɗin duka. Aikin nalokson yana gushewa cikin minti 30 zuwa 90, abin da ya sha kuwa yana nan, don haka ba a barinsa shi kaɗai. Tramol yana da nasa hali: nalokson ba ya warware shi duka, kuma yana jawo jijjiga, sai diyazefam ya kasance a kusa. Flumazenil kuwa, mai warware aikin diyazefam da danginsa, ga wanda ba a san abin da ya haɗiya ba, a bar shi a kabad, yana iya tayar da jijjigar da za ta yi wuyar tsayarwa.

Jijjigar da ta kai minti 5 ba a jiranta ta tsaya da kanta. Diyazefam mg 10 ta jijiya a hankali, ko midazolam mg 10 a tsoka in ba a samu jijiya ba. Yaro diyazefam mg 0.3 a kilo ta jijiya, ko mg 0.5 a kilo ta dubura. Diyazefam a tsoka ba ya shiga jini da wuri, ɓata lokaci ne. Sau biyu ake yi, in ba ta tsaya ba a wuce mataki na biyu: fenobarbital mg 15 zuwa 20 a kilo cikin minti 20 da ambu a hannu, ko fenitoyin mg 20 a kilo cikin ruwan gishiri kawai, kada gudu ya wuce mg 50 a minti. A cikin ruwan sukari fenitoyin dunƙulewa yake. Inda akwai lebetirasetam, mg 60 a kilo, iyaka mg 4500. Mai ciki ko mai jego da ke jijjiga maganinta magneziyom sulfat ne, gram 4 ta jijiya da gram 5 a kowane ɗuwawu, da kalsiyom glukonat a ajiye.

Akwai jijjigar da ba a gani, kuma ita ce ke riƙe mutane da yawa cikin suma. Jiki shiru, amma ido ya karkata gefe ɗaya yana ɗan rawa, ko gefen baki na motsi, ko ɗan yatsa guda, ko numfashi na yankewa yana dawowa da dalalar miyau. Ta fi yawa a yara masu palu na ƙwaƙwalwa, wato zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda bai fara farfaɗowa ba rabin awa zuwa awa ɗaya bayan jijjiga ta lafa, ka gaya wa likita, ko da babu na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa.

A wannan yanki namu, zazzaɓi da suma abu biyu ake fara zargi. Daga damina zuwa kaka palu ne. Artesunat ta jijiya, mg 2.4 a kilo, a awa 0, 12 da 24, sannan sau ɗaya a rana. Yaron da bai kai kilo 20 ba mg 3 a kilo. Kwalbar mg 60 ana narka ta da ml 1 na bikarbonat ɗin da ke cikin kwalin, a jira ta washe, a ƙara ml 5 na ruwan gishiri, kowane ml ya zama mg 10, a yi amfani da ita cikin awa ɗaya. Allura uku ne mafi ƙaranci, in ya iya haɗiya a cika da ƙwayoyin kwana 3. A gwajin da aka buga a 2010 kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, mutuwa ta kasance kashi 8.5 cikin ɗari da artesunat, 10.9 da kinin. In dole ta sa aka koma kinin, a sa ido kan sukari, yana kayar da shi. Abubuwa uku ba a ƙarawa a palu na ƙwaƙwalwa: deksametazon, wanda tun 1982 aka gani a Tailan yana tsawaita suman, manitol, wanda bai nuna amfani ba, da fenobarbital na rigakafi ga yaron da ba ya jijjiga, domin a gwajin Kenya na 2000 mutuwa ta ninka.

Daga hunturu zuwa bazara kuma sanƙarau ne, kuma ba a manta ɓarkewar da aka yi a jihar Damagaram daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ba. Seftriyakson gram 2 duk awa 12, yaro mg 100 a kilo a rana, cikin awar farko. Ba a jiran ɗiban ruwan baya, wanda ma ba a yi wa mai zurfin suma ko wanda ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya girma. Kada seftriyakson ya bi layi ɗaya da ruwan Ringer, saboda kalsiyom. TDR, gwajin jini na gaggawa, da ya nuna palu bai kore sanƙarau ba, mutane da yawa suna yawo da ƙwayar palu a jini. In akwai shakka a yi maganin biyun tare.

Sai masu buguwar kai, galibi samari kan kabu-kabu ba hular kwano. A nan maganin farko shi ne hana ƙwaƙwalwa rauni na biyu: tansiyo na sama kada ya sauka ƙasa da 100 zuwa 110, oksijan ya wadata, a ɗaga kan gado digiri 30, a kashe zazzaɓi da parasetamol gram 1 duk awa 6. Ba a sa musu G5, ruwansa yana shiga ƙwaƙwalwa ya ƙara kumburi, ruwan gishiri na 0.9 ake sawa. Wanda ya iso cikin awa 3 ana ba shi asid traneksamik, gram 1 cikin minti 10, sai wani gram 1 cikin awa 8, kuma ya fi amfanar masu matsakaicin rauni. Manitol na kashi 20 ana ba da shi ne idan alamar matsi ta bayyana, kamar ƙwayar ido ɗaya ta buɗe ko makin Glasgow ya faɗi da 2: gram 0.25 zuwa 1 a kilo cikin minti 15 zuwa 20. Mai kilo 60 a kan rabin gram, ml 150 ke nan. A sa sondin fitsari, a mayar da ruwan da ya fita. Da hunturu duba kwalbar, yana yin ƙanƙara-ƙanƙara, sai an ɗumama ta narke. Mai ƙarancin tansiyo ba a ba shi, ruwan gishiri na kashi 3 ya fi masa. Manitol ƴan awoyi yake saya a kai ga skana da ɗakin tiyata. Jinin da ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai wuƙa ce maganinsa, kuma rubuta manitol duk awa 6 har mako guda ƙoda yake kashewa. Game da kortikoyid, dangin deksametazon, gwajin CRASH na 2004 kan mutum sama da 10,000 ya rufe maganar: mutuwa cikin sati 2 ta tashi daga kashi 18 zuwa 21. Inda yake da gurbi shi ne kumburin da ke kewaye da ƙari da sanƙarau na tarin fuka.

Sauran a taƙaice. Sodiyom da ya faɗi har ya kawo suma, ml 100 zuwa 150 na ruwan gishiri kashi 3, kada hawansa ya wuce 8 zuwa 10 mmol/L a awa 24, gaggawa tana lalata ƙwaƙwalwa lalatar da ba ta gyaruwa. Suman ciwon hanta, laktuloz ml 30 ta sondi, bututun da ke kai abinci ciki, ana maimaitawa har a samu bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, a nemi zubar jini a ciki ko ƙwayar cuta da ta tayar da shi. Wanda ya sha piya-piya, atropin mg 1 zuwa 3, ana ninkawa duk minti 5 har ƙirji ya bushe.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi tsayawa, domin a hannun mai jinya yake. Mara lafiya ya kwana biyar, an magance dalilin, bai farka ba. Kafin a ce me za a ƙara, ɗauko takardar magungunansa ka karanta me za a cire. Midazolam da aka yi kwanaki ana turawa yana taruwa a kitse, kuma abin da hanta ke mayar da shi ta ƙoda yake fita, don haka mai ciwon ƙoda yana iya kwana da kwanaki a bacci bayan an tsayar. Haka morfin. Diyazefam da fenobarbital kuwa rabinsu kawai na iya ɗaukar kusan awa 100 kafin ya bar jiki. Wanda aka yi wa diyazefam duk dare don ya daina fizge-fizge, a rana ta shida ba a san ko rauni ne ya riƙe shi ko allura ba. Haloperidol da klorpromazin da metoklopramid suna toshe dopamin, sinadarin da ake so ya motsa don mutum ya farka. Prometazin na sa bacci. Sefepim da ba a rage wa mai raunin ƙoda ba yana kawo ruɗewa da jijjigar ɓoye.

Shi ya sa ake tsayar da maganin bacci kowace safiya a ga abin da ke ƙasa. A gwajin Cikago na 2000 kan mutum 128, wannan kaɗai ya rage zama kan na'urar numfashi daga kwana 7.3 zuwa 4.9. In ya farka cikin natsuwa a bar shi, in ya firgita a mayar da rabin adadin da yake kai. Ba a yi wa mai matsi a ƙwaƙwalwa, ko mai jijjigar da ba ta tsaya ba, ko wanda aka sa wa maganin sassake tsoka. Mai fizge-fizge kuma a fara tambayar ciwo, da mafitsara da ta cika, da ƙarancin oksijan. Haloperidol bai rage kwanakin ruɗewa ba a babban gwajin 2018, sai dai a yi amfani da kaɗan idan mutum zai cire bututunsa.

Dogon suma na gaske, ido a rufe, ba kasafai yake wuce sati 2 zuwa 4 ba. Wanda ya rayu bai farfaɗo ba yakan shiga ɗaya daga hali biyu. Na farko ido a buɗe, yana bacci yana farkawa, amma babu alamar ya san kansa ko na kusa da shi. Na biyu akwai ɗan guntun sani mai zuwa yana tafiya: ya bi mutum da ido, ya kai hannu ga abu, ya matse hannu in an ce ya matse, ya yi hawaye da jin muryar mahaifiyarsa. Bincike ya sha nuna kusan kashi 40 na waɗanda aka sa a rukunin farko na biyu ne. Ka gwada da madubi, mutum ya fi bin fuskarsa da ido, kuma a maimaita a ranaku daban-daban, da harshen da ya tashi da shi, Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci.

A nan amantadin ke shigowa. Tsohon magani ne na mura da ciwon karkarwa na Parkinson, yana ƙarfafa aikin dopamin. Gwajin da Giacino da Whyte suka jagoranta, aka buga a 2012, ya ɗauki mutum 184 da ke cikin waɗannan halaye biyu sati 4 zuwa 16 bayan buguwar kai. An ba su mg 100 sau biyu a rana na kwana 14, in ba canji a sati na uku a kai mg 150 sau biyu, a na huɗu mg 200 sau biyu. Masu shan maganin sun fi saurin samun sauƙi cikin sati huɗun. Da aka janye shi saurin ya ragu, a sati na shida rukunan biyu sun kusa daidaita. Ma'anarsa yana gaggauta tafiyar da ƙwaƙwalwa ta riga ta fara, gwajin bai nuna yana canza inda za ta tsaya ba. A kan wannan ne jagorar likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ta 2018 ta ba da shawarar mg 100 zuwa 200 sau biyu a rana ga wannan rukuni. Hujjar ba da shi a makon farko, ko ga wanda zuciyarsa ta tsaya, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ba ta kai wannan ƙarfi ba, in likita ya gwada to gwaji ne kuma a faɗa wa dangi haka.

Wajen bayarwa, a auna kreyatinin, gwajin aikin ƙoda, tukuna, don ta fitsari yake fita kusan yadda ya shiga. In tacewar ƙoda tana tsakanin ml 30 da 50 a minti ba a wuce mg 100 a rana, ƙasa da haka a ƙara tazara. Kashi na farko da safe, na biyu kafin azahar ta wuce, in aka kai shi dare ya hana bacci. Ana buɗe kafson a narka a tura ta sondi a bi da ruwa. A lura da amai, firgita, zabura ta tsoka, riƙewar fitsari, kumburin ƙafa, da shatar raga-raga a fata. Mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba da mai ciki ba a ba su, kuma a ɗauki hoton bugun zuciya in yana shan wasu magungunan da ke taɓa ta. Ba a yanke shi rana ɗaya, ana ragewa a hankali, yankewar farat ɗaya na iya kawo zazzaɓi da sandarewar jiki. Kafin ƙwayar farko ka rubuta abubuwa biyu ko uku da za a riƙa gwadawa a lokaci ɗaya kullum, misali bin madubi da matse hannu, in ba haka ba fata ce za ta riƙa yi muku awo.

Za ka ji labarin zolpidem, maganin baccin da ke tayar da masu suma. Gaskiya ne yana faruwa, an fara ba da rahotonsa daga Afirka ta Kudu a 2000, amma a gwajin 2014 mutum 4 cikin 84 ne suka amsa. Ga wanda ya daɗe a wannan hali kuma numfashinsa lafiya, ana iya gwada mg 10 sau ɗaya ta sondi da safe, a duba shi kafin bayarwa da kuma awa ɗaya bayanta. In an ga canji a sake wata rana don tabbatarwa, yakan gushe cikin ƴan awoyi. In babu, a bar shi. Bromokriptin, lebodopa, metilfenidat da modafinil ƙananan bincike kawai ke bayansu.

Pirasetam da sitikolin da ka tambaya: an gwada sitikolin a kan mutum 1,213 masu buguwar kai, mg 2000 a rana har kwana 90, sakamakon 2012 bai nuna bambanci da maganin bogi ba. Pirasetam ba shi da wani ingantaccen gwaji da ya nuna yana tayar da mai suma. Wannan yana damuna ƙwarai, domin iyalin da suka zo daga Tanut ko Magarya sun sayar da akuya ko buhun hatsi kafin su cika ordonans. Jikkunan nan sun fi amfani a gwajin sodiyom da kreyatinin, da maganin ƙwayoyin cuta da ba a yanke ba, da abincin sondi, da enoksaparin mai hana daskarewar jini, mg 40 a rana, in likita ya ga haɗarin zubar jini ya wuce, da skana na biyu. Wanda ya fara samun sauƙi ya tsaya ko ya koma baya, a nemi taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wadda tiyata ke gyarawa. Mai buguwar kai da ke samun tashin gumi da zazzaɓi da bugun zuciya da sandarewa lokaci-lokaci, gwaje-gwaje kuma ba su nuna cuta ba, sau da yawa rikicewar jijiyoyi ce da ke amsa propranolol da gabapentin da morfin, ba sai an yi ta canza maganin palu ba.

Masu jira a bakin ƙofa kuwa, ka gaya musu abin da ya sumar da ɗan uwansu da abin da ake yi a kai yau, kuma ka ba su aiki. Su taya juya shi duk awa 2, su motsa masa gaɓoɓi, su share masa baki, su kira sunansa, su yi masa karatu da addu'a a kunne. Ka roƙe su da girmamawa kada a ɗura masa komai ta baki, ko rubutu ko zamzam ko nono ko kunu, domin huhu yake tafiya ya zama ciwon da ke kisa. In suna so a shafa masa a goshi da hannuwa. Kada a yi masa hayaƙi. Kuma ku da su ku kiyaye abin da ake faɗa a kansa: a binciken 2024, mutum 60 cikin 241 da ba sa amsa umarni ko kaɗan a zahiri, na'ura ta nuna ƙwaƙwalwarsu tana bin abin da aka ce su yi. Saboda haka ana ba su maganin ciwo kafin wankin gyambo, kuma ana gaya musu abin da za a yi kafin a taɓa su.